Daga Masana'anta Zuwa Garwa da Njamena: Yadda Ake Shigo da Takarda da Kwali

Duk rim ɗin takarda da ake sayarwa a gaban makarantun Marwa ko a babbar kasuwar Njamena sai da ya ƙetare teku kafin ya iso. Kamaru ta taɓa gwada yin ɓawon takarda, wato markaɗen itacen da ake yin takarda da shi, da kanta, aka gina masana'antar Cellucam a Edeya a farkon shekarun 1980, ba ta yi wasu shekarun kirki ba ta durƙushe. Abin da ake yi a Duwala yau shi ne yanka da ɗinki da naɗi: a shigo da manyan bandir, a mayar da su littattafan rubutu, kwalaye da takardar goge hannu. Chadi kuwa ko wannan ba ta yi sosai. Tsohon ciniki ne a ƙasarmu, don tsofaffin Alƙur'anan hannu na Barno da Wadai da yawansu a kan takardar Italiya aka rubuta su, mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ayarin raƙuma ke kawowa ta Tarabulus da Masar. Hanya ce kawai ta sauya, daga Sahara ta koma Duwala.

Wanda zai shiga wannan harka ya riƙe abu ɗaya tun daga farko: da tan ake sayen takarda, da rim ake sayar da ita. Tsakanin tan da rim ne riba take, a nan kuma take zubewa.

Fara da sanin takardar da kake nema

Kada ka rubuta wa masana'anta cewa kana son "takarda". Ba za su ɗauke ka da muhimmanci ba, in kuma ɗan damfara ne ya karanta, ya san ya samu baƙo. Abu huɗu za ka faɗa: iri, giram, girma, da yadda za a ƙunshe ta.

Giram shi ne nauyin murabba'in mita ɗaya na takardar. Takardar hoto-kwafi da ofisoshi, wato A4, tana zuwa a giram 70, 75 ko 80. Girmanta milimita 210 a 297, kuma falle 16 ne ke cika murabba'in mita. Ke nan falle ɗaya mai giram 80 nauyinsa giram 5, rim mai falle 500 kilo biyu da rabi, kwali mai rim biyar kilo 12 da rabi, tan ɗaya kuma rim 400. In ka sauka zuwa giram 70, rim ya koma kilo 2.18, tan ɗaya ya ba ka wajen rim 458. Wannan lissafin ka haddace shi. Mai sayarwa zai ba ka farashin tan, wani ya ba ka na rim, wani na kwali, kuma ba za ka iya gwada su da juna ba sai ka mayar da su ma'auni ɗaya. Ka kuma tabbatar an rubuta A4 ƙarara, domin girman da Amurkawa ke amfani da shi, 216 a 279, ba ya shiga kasuwarmu.

In masu maɗaba'a ne abokan cinikinka, maganar ta sha bamban. Su manyan falle suke so, irin su santimita 65 a 100 ko 70 a 100, kuma da sunan Faransanci suke kiran kayansu: ofset na littattafai da rasit, kushe mai sheƙi na kalanda da fasta, biristol na katin gayyata da bangon littafi, da otokofiyan mai fitar da rubutu a falle na biyu ba tare da kabon ba. Takardar jarida ba ta wuce giram 45 zuwa 49. Ta littafin rubutu tana tsakanin 56 da 60. Mai maɗaba'a zai tambaye ka ta wane ɓangare zaren takardar ya kwanta, domin in aka naɗe littafi saɓanin kwanciyar zaren, bangon ya riƙa lanƙwasa. Ka tambayi masana'anta, a rubuta a takardar farashi.

Sai ɓangaren kwali da kiraf, takardar nan mai ruwan ƙasa. Da ita ake buhun siminti, ga masana'antar Figil a kusa da mu, ga ta Baware a wajen Pala. Da ita ake jakar zuba kaya, kuma tun da Njamena ta hana leda a 2010, Kamaru ma ta hana siririyar leda a 2014, ana neman jakar takarda a gidajen burodi da kantunan magani, ko da yake leda ba ta bar kasuwa ba. Amma ƙaramin ɗan kasuwa kada ya fara da bandir ɗin kiraf. Bandir ɗaya kan kai tan guda ko fiye, ba ya sauka sai da injin ɗaga kaya, kuma ba shi da mai saye sai mai injin yanka.

Ga wani tarko da 'yan'uwanmu masu sari daga Kano da Maiduguri kan faɗa. Makarantun Faransanci na Kamaru da Chadi littafi mai layin Seyès suke nema, mai manyan murabba'ai da ƙananan layuka a ciki. Littafin Najeriya mai layi miƙe, komai arharsa, malamin firamare a Kuseri zai mayar da yaro da shi gida.

Wa ke da ita, kuma wa za ka yarda da shi

Chaina ce kan gaba a duniya wajen yawan takarda da kwali. Amma A4 da aka fi sani a kasuwannin Afirka daga wurare kaɗan take fitowa: Indonesiya, inda kamfanonin APP da APRIL suke, masu Paperline da PaperOne, Tailan mai Double A, Fotugal mai Navigator, Barazil mai Chamex da Report, Afirka ta Kudu mai Rotatrim da Typek, sai Indiya. Kushe da kwalin ƙunshe kaya yawanci daga Chaina, Koriya ta Kudu, Indonesiya da Turai.

Farashinsu duka yana bin farashin ɓawon itace, wanda Barazil, Kanada, Amurka da ƙasashen arewacin Turai irin su Finland da Suwidin ke fitarwa, sannan yana bin kuɗin makamashi da kuɗin jirgin ruwa. Da Chaina ta rufe ƙofarta ga tsohuwar takarda daga 1 ga Janairu 2021, kasuwar kwali ta duniya ta girgiza. A shekarar ce kuma kuɗin kwantena ya yi tashin gwauron zabo, 2022 ta zo da tsadar gas a Turai, rim ya yi tsada har a Garwa. Saboda haka farashin da aka ba ka yau na 'yan makonni ne, ka duba ranar ƙarewarsa a jikin takardar.

Manyan masana'antu ba kasafai suke sayar wa mai kwantena ɗaya kai tsaye ba. Za su tura ka wurin wakilinsu na yanki ko wani gidan ciniki a Dubai, Singafo ko Turai. Wannan ba laifi ba ne. Abin tsoro shi ne masu buɗe shafin intanet da sunan shahararriyar takarda, su sa farashin da bai kai rabin na kasuwa ba, su nemi kafin alƙalami ta asusun wani mutum. A4 na cikin kayan da aka fi damfarar mutane da su a intanet. Maganinsa ba wuya: ka nemo adireshin kamfanin na ainihi da kanka, ka rubuta musu ka tambaya ko wane wakilinsu ne. Ka duba ko sunan asusun banki ya yi daidai da sunan da ke kan takardar farashi, kuma ƙasar ɗaya ce. In tan ɗin takarda ya fi tan ɗin ɓawon da ake yin ta da shi arha, ka rufe wayarka.

Ka nemi samfur, rim cikakke ba falle biyar ba. Ɗora shi a sikeli. Ƙirga fallen, don akwai rim da ke zuwa da 480 ko ƙasa da haka. Kai shi wurin mai hoto-kwafi da ya fi kowa aiki a unguwarku, ya buga gaba da baya a tsohon injinsa. In bai cije ba, bai ja falle biyu tare ba, rubutun bayan bai huda gaba ba, to kana da kaya. Hukuncin wannan mutumin ya fi duk lambobin fari da santsi da aka jera maka a kasida.

Lissafin kwantena

Takarda nauyi gare ta, ba girma ba. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar wajen rim 8,000 na giram 80 in aka jera kwalaye ba bisa katako ba, wato kwali 1,600, tan 20. Sabon shiga sai ya ce bari ya ɗauki mai ƙafa 40 ya ninka. Ba ta ninkuwa. Nauyin da aka yarda ta ɗauka bai wuce tan 26 da 'yan kai ba, sai ta cika nauyi rabinta na fanko, ga kuɗin tasha da na mota sun ƙaru. A4 da ofset a ƙafa 20 suke tafiya. Ƙafa 40 ta takardar bayan gida ce da kwalaye, masu cin wuri ba nauyi.

Sai zaɓi tsakanin palet, wato katakon da ake ɗaure kaya a kai, da jeri a ƙasa. Palet na rage yawan kayan amma yana kare kusurwoyi, kuma manyan fallen maɗaba'a dole sai da shi. In sitonka ba shi da injin ɗaga kaya, 'yan dako ne za su sauke kwali-kwali, to A4 ta zo ba palet, amma ka ce a shimfiɗa kwali a ƙasa da jikin bango, a rataya jakunkunan shan laima.

Kan sharaɗin ciniki, kalmomi uku za ka riƙa gani. FOB: mai kaya ya ɗora a jirgi a tasharsu, kuɗin jirgi naka. CFR: ya biya jirgi har Duwala ko Kiribi. CIF: ya haɗa da inshora. Tunda dokar Kamaru ta ce a yi inshorar kayan shigowa a kamfanin cikin gida, CFR ne ya fi dacewa da mafari, ka yi inshorarka a nan. Amma ka sani, ko a CFR, da zarar kaya sun hau jirgi asararsu a wuyanka take. Ka kuma roƙi mai kaya ya nemo maka ƙarin kwanakin riƙe kwantena kyauta daga kamfanin jirgi, a rubuta a jikin takardar jirgi, wato shaidar lodi da kamfanin jirgin ke bayarwa. Mai kai kaya arewa yana bukatar wannan fiye da ragin dala biyar a tan.

Banki da takardu, kafin kaya su taso

Nan ne mutanenmu suka fi yin sakaci, saboda mun saba da cinikin amana da aika kuɗi ta hannun 'yan canji. Kwantena ba ta fita tasha da amana. Kana bukatar rajistar kasuwanci, lambar haraji, NIU a Kamaru ko NIF a Chadi, da shiga jerin masu shigo da kaya a ma'aikatar ciniki.

Da takardar farashi ta wucin gadi, wadda ake kira furoforma, za ka buɗe takardar bayyana shigo da kaya, DI, ta dandalin GUCE na Duwala, wanda yanzu ta intanet ake shigarsa. Daga nan sai banki. Dokar canji ta CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, da aka sa wa hannu a Disamba 2018 ta ce duk kayan da suka kai sefa miliyan 5 sai an yi musu mazauni a banki, wato a buɗe musu fayil a wani banki, ta nan kuɗin zai fita, kuma bayan kaya sun iso ka kawo takardun duwan, wato kwastan, a rufe fayil. Wanda bai rufe fayil ba, tara na jiransa, kuma aika kuɗi na gaba zai yi masa wuya. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957, saboda haka mai saye daga Fotugal ya san abin da zai biya tun ranar farko. Mai saye da dala kuwa, daga Indonesiya ko Barazil, ya bar sarari a lissafinsa domin dala na motsi tsakanin ranar ciniki da ranar biya.

Yadda za a biya: abin da aka saba shi ne kashi 30 cikin ɗari kafin alƙalami, sauran in an turo kwafin takardar jirgi. Wasiƙar lamunin banki ta fi tsaro, domin banki ba ya sakin kuɗi sai takardu sun cika, sai dai tana da caji kuma bankin zai riƙe maka kuɗi ko jingina. A ganina, ciniki na farko da baƙo ya cancanci wannan cajin.

Sauran takardun da za ka tara: BESC, takardar bin sawun kaya da hukumar masu lodi ta Kamaru, CNCC, ke bayarwa, kuma Chadi na da tata, rahoton ƙima da lambar kaya da kamfanin SGS ke fitarwa, takardar asalin kaya, jerin ƙunshi, da shaidar inganci ta shirin PECAE na hukumar ANOR in nau'in kayanka na cikin jerinsu. BESC a yi ta tun kaya na tashar lodi, yin ta a makare tara ne. Suna, nauyi da adadin kwalaye su zama iri ɗaya a kowace takarda. Harafi ɗaya da ya saɓa na iya zaunar da kwantena mako guda.

Duwan: lambar kaya ita ce kuɗi

Takarda da kwali suna babi na 48 a kundin lambobin kwastan na duniya. Takardar jarida 4801, ta rubutu da bugu marar sheƙi 4802, kiraf 4804, kushe 4810, ta bayan gida 4818, kwalaye da jakunkuna 4819, littattafan rubutu da rajista 4820. Harajin bai ɗaya na CEMAC hawa-hawa ne. Ƙa'idarsa, gwargwadon yadda kaya suka kusa zama gamammu, gwargwadon hawan harajinsu. Shi ya sa bandir da littafin da aka riga aka ɗinka ba sa biyan abu ɗaya, shi ya sa kuma masu yin littafi a Duwala ke iya gogayya da na waje. Kafin ka biya ko sisi, ka sa taransite, wato wakilin fitar da kaya daga tasha, mai lasisin CEMAC ya buɗe maka kundin, ya nuna maka cikakkiyar lambar kayanka da kason da ke gabanta, a rubuce. A kan wannan sai harajin TVA, wato VAT, kashi 19.25 a Kamaru, wanda ake lissafawa bayan an haɗa kuɗin kaya da na duwan, sai ƙananan haraji na ƙungiyoyin yanki da na kwamfuta, da abin da ake cira tun a tasha a matsayin somin harajin riba.

In daga Tarayyar Turai kayan suka fito, ka tambayi taransite batun yarjejeniyar APE, wadda Kamaru ta fara aiki da ita a 4 ga Agusta 2016, tana rage haraji kashi-kashi ga kayan Turai masu shaidar asali. Takardar Fotugal da ta fi tsada a masana'anta tana iya zuwa daidai da ta Asiya bayan duwan. Chadi ba ta cikin wannan yarjejeniya.

Bari mu buga misali da lambobin da na ɗauka don koyo kawai, kai ka sa naka na ranar. A ce tan ya iso Duwala a dala 900 har da inshora, dala kuma sefa 600. Tan 20 sun kama miliyan 10 da dubu 800, wato rim ɗaya sefa 1,350. In duwan kashi 20 ne, ka ƙara 2,160,000. TVA a kan jimlar, 2,494,800. A ce tasha, kamfanin jirgi da taransite sun ci miliyan ɗaya, mota zuwa Garwa miliyan ɗaya da rabi. Jimla ta kusa miliyan 18, rim ya tashi wajen sefa 2,245 a ƙofar sito, ba a sa ƙananan haraji, 'yan dako, haya da rim ɗin da suka lalace ba. In duwan kashi 10 ne, rim ya sauko wajen 2,085. Yanzu ka kira Duwala ka ji nawa manyan 'yan sari ke sayar da kwali, ka ɗora kuɗin mota, ka gwada. In bambancin bai wuce sefa ɗari a rim ba, bai kai ka daskarar da miliyan 18 wata huɗu ba. Sari daga Duwala, kuɗinka ya juya sau uku a wannan lokacin. Shigo da kaya kai tsaye na wanda ke iya sayar da kwantena cikin wata biyu ne, ko mutum uku zuwa huɗu da suka haɗa kuɗi, suka rubuta yarjejeniya gaban shaidu, suka sa sunan mutum ɗaya a takardu.

Wani gargaɗi: kada ka yarda a rage ƙimar kaya a rasit don a rage haraji. Duwan na da farashin takarda a kwamfutarsu ta CAMCIS, kuma takarda ba kayan da ake ɓoye farashinsu ba ne.

In kayan na Chadi ne

Ɗan kasuwar Njamena, Mundu ko Abeshe ba ya biyan harajin Kamaru. Kayansa na wucewa ne, a rubuta haka a jikin takardar jirgi tun daga tashar lodi, cewa ta Duwala za su bi zuwa Chadi. Taransite zai ajiye lamunin banki daidai da harajin da za a biya da a Kamaru kayan za su tsaya, a ba motar takardar wucewa, a manna mata na'urar bin sawu, ta bi hanyar da aka ƙayyade. Ba a sakin lamunin sai an tabbatar kaya sun ƙetare iyaka. Ka bi wannan da kanka, domin taransite da lamuninsa ya maƙale ba zai taɓa kwantenarka ta gaba ba.

Rabon lodi kuma akwai yarjejeniyar 1999 tsakanin ƙasashen biyu: kashi 65 na motocin Chadi, 35 na Kamaru, ofishin BGFT da takwaransa na Chadi ke kula da shi, su ke ba da takardar mota. Wanda ya ce zai biya duwan a Duwala sannan ya tura kayan Njamena ta Kuseri, ya shirya jin an sake neman haraji a Ngeli, bakin iyakar Chadi, domin kayan waje ba sa zama 'yan gida don an biya musu a maƙwabta. Abin da ke wucewa ba duwan shi ne wanda aka ƙera a cikin CEMAC, irin littattafan Duwala, in masana'antar na da amincewar ƙungiyar da takardar asali. Kayan Najeriya kuwa, ko ta Fotokol suka shigo ko ta Banki ko ta wajen Mubi, na waje ne, Najeriya ba ta cikin CEMAC. Faɗuwar naira tun 2023 ta sa sun yi arha, amma ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji, waɗanda su ne masu sayen kwali ɗari a tashi ɗaya, rasit mai lambar haraji suke nema.

Hanya

Duwala tashar kogi ce, manyan jirage ba sa shiga, shi ya sa kayan Asiya kan sauka a wata tasha a sake lodi. Kiribi mai zurfi ce, ta fara aiki a 2018, fitar da kaya a can kan fi sauri amma ta ƙara nisa kuma jirgin ƙasa bai kai can ba. A Duwala kwana 11 ne na ajiya kyauta, daga nan kuɗin tasha ya fara hawa, na kamfanin jirgi ma na hawa daban. Saboda haka takardu su riga jirgi isowa.

Daga tasha hanya biyu ce. Ko jirgin ƙasa na Camrail zuwa Ngaundare, inda layin ya tsaya tun 1974, a sauke a ɗora wa tirela, ko mota tun daga Duwala. Jirgin ƙasa ya dace da kaya masu nauyi irin namu, matsalarsa jiran tarago. Daga Ngaundare a gangara dutsen nan mai lanƙwasa, a bi Garwa, Marwa, Mora, Dabanga, Kuseri, a haye gadar Ngeli. Duwala zuwa Njamena ya haura kilomita 1,800. Tsakanin Mora da Kuseri ne direbobi suka fi kuka, ga lalacewar hanya da damina ga matsalar tsaro. Mai kai kaya kudancin Chadi ya bi Tuboro zuwa Mundu, yanzu kuma ga gadar Yagwa da Bongor da aka buɗe a 2025. Akwai sikelin motoci a hanya, iyakar nauyi tan 50 ne har da motar, kada ka bari direba ya ɗora wa kwantenarka wani kaya a kai don neman na cefane.

Za a ba ka shawarar a fasa kwantena a Duwala, a zuba kwalayen a buɗaɗɗiyar mota a rufe da tamfol, don a huta da kuɗin mayar da fanko. Da rani ana iya yi, in ka yarda da tamfol ɗin kuma an shimfiɗa katako a ƙasa. Daga Yuni zuwa Oktoba kada ka yarda. Takardar da ruwa ya taɓa ba ta dawowa, sai masu ƙosai da tsire.

Sito da lokaci

Takarda na fitowa masana'anta da ɗan danshi kaɗan a jikinta, wajen kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari, kuma tana shan na iska tana fitarwa. Ta kwana a laimar Duwala, ta zo ta tarar da hunturun Marwa ko zafin Afrilu na Njamena. In aka yage rigar rim, gefuna su bushe su ɗaga, injin ya riƙa cijewa, mai saye ya ce kayanka ne ba kyau. Kada a buɗe rim sai za a yi aiki da shi. Manyan fallen maɗaba'a a bar su kwana biyu a ɗakin da za a buga su kafin a kwance. A sito, kwali ya hau katako, ya bar bango da taƙi ɗaya, kada a jera shi har rufin kwano, a riƙa duba gara kowane mako. Mai sito a Kuseri ko unguwannin Njamena da kogunan Logon da Shari ke cikawa, ya tuna ambaliyar 2022 da ta 2024, ya ɗaga dakalinsa.

Ranar da kwantena ta iso, ka duba lambar hatimi ta yi daidai da ta takardar jirgi kafin a yanke, ka ɗauki hoto. In ka ga alamar ruwa, a tsaya, a kira wakilin inshora ya gani da idonsa, a rubuta a takardar direba kafin ka sa hannu. Bayan an sauke an sa hannu, ba mai sauraronka.

Lokacin oda kuma daga baya ake ƙirgo shi. Makarantun Kamaru na komawa farkon Satumba, na Chadi wajen farkon Oktoba, 'yan kiri kuma tun Agusta suke sari. Masana'anta na cin mako uku zuwa shida, teku daga Asiya wata ɗaya da rabi zuwa biyu, tasha mako biyu zuwa uku in takardu sun cika, hanya mako ɗaya zuwa biyu. Kayan komawa makaranta ke nan a Maris ko farkon Afrilu ake biyan kafin alƙalaminsu. A4 tana da wata kasuwar a Mayu da Yuni, lokacin jarrabawar BEPC da Bak, odarta kuwa a Disamba ake yi, kafin masana'antun Chaina su rufe don bikin sabuwar shekararsu a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, lokacin da samun wuri a jirgi daga duk tashoshin Asiya ke wuya.